Gawayin Murhun Yaya

Akwai wani mutum da ya yi ɗan majalisa, ya yi sanata, amma har yau idan ka shiga unguwarsu ka ce "gidan Sanata" sai an tambaye ka wanne. Ka ce "gidan Safiyo" kuwa, kowa zai nuna maka da hannu. Awon fili ne sana'arsa ta asali, sunan kuma ya bi shi.

Mutum ɗaya ce ba ta kiransa da ko ɗaya daga cikin sunayen nan, wato yayarsa. Ita Auta take ce masa.

Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta ɗauke shi ta tafi da shi gidan mijinta. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanki, ita ta zane shi ranar da ya gudu daga makaranta. Da mijin ya rasu, ya bar mata gida da fili a bakin gari, da rijiya a ciki, da bishiyoyin mangwaro da ya dasa da hannunsa. Da amfanin filin nan ta ƙarasa wa Auta karatun awo.

Da ya fara aiki yana da aboki da ba sa rabuwa. Shi Safiyo yana bayan na'ura mai ƙafa uku yana leƙawa, abokin yana can nesa riƙe da doguwar sanda mai lambobi, ana ɗaga masa hannu ya matsa dama ko hagu. Shi ya sa ake ce masa Mai Sanda. Sun sha rana tare, sun taka ƙaya tare, gora ɗaya suke shan ruwa. Akwai ranar da kunama ta harbi Safiyo a daji, Mai Sanda ne ya goyo shi har bakin titi.

To Safiyo yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Kafin ya kafa turken siminti a kusurwar fili, sai ya ƙara wa ramin zurfi, ya zuba gawayi da fasasshiyar kwalba a can ƙasa, ya rufe da turɓaya, sannan ya ɗora turken a kai.

Mai Sanda kullum sai ya yi masa tsiya. "Kai dai da gasa nama ka koya da ka huta. Wata rana sai an kama mu an ce asiri muke binne wa mutane."

Shi kuma ya ce, "Turke ana iya tumɓuke shi a kai shi wani wuri. Gawayi kuwa ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Duk ranar da aka yi gardama, sai a tona."

Aikin farko da ya yi da sunansa bayan ya samu lasisi, filin Yaya ne. Don ɗoki ranar har ya manta buhun gawayinsa a gida. Yana tsaye a bakin rami yana sosa ƙeya, sai Yaya ta shiga kicin ta kwaso na murhunta a wani tsohon kwano ta miƙa masa.

"Ungo. Amma ka sani abincin ranarka ka binne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, muddin ina numfashi, ko taku ɗaya babu mai shigo miki filin nan."

Ku riƙe wannan maganar, jama'a, za mu dawo kanta.

Mutumin nan ya yi suna da gaskiya. 'Yan uwan da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda iyakar gona, sai ya zo ya auna, kowa ya haƙura. Masu kuɗi sun sha ɗauke shi gefe don ya ɗan ja igiya, ya ƙi. Da lokacin zaɓe ya zo, mutane da kansu suka matsa masa ya fito, ya fito kuma ya ci.

A majalisa shi ya kawo dokar da ta ce duk wanda ya matsar da turken iyaka, gidan yari zai tafi. Dokar nan ta ƙara ɗaga shi, daga nan sai majalisar dattawa.

Mai Sanda ma ya ajiye sanda. Ya zama shi ne mai riƙe wayoyin Sanata, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya dawo gobe. Ya yi ƙiba, ya koyi sa takalmi mai sheƙi, ƙura kuma ta zama abokiyar gabarsa. Mutumin da a da yake kwana a daji, yanzu ko tsakar gida zai ratsa sai an kawo masa mota.

Shi ma Safiyo ya canza, sai dai a hankali, yadda shi kansa bai lura ba. Ya saba da a ce masa "gaskiya ne, ranka ya daɗe" tun kafin ya rufe baki. Ya daina zuwa ya gani da idonsa, sai dai a zo a gaya masa. Ni kuwa a ganina, mai awon da ya daina taka ƙasa ya riga ya bar sana'a, ko da lasisinsa na rataye a bango.

Gidan Yaya ne kawai bai canza masa ba. Idan ya je, ba ya zama a falo. Kai tsaye yake wucewa kicin, ya ɗauki wani tsohon kofin silba mai lanƙwasasshen hannu da ke rataye a jikin randa, ya ɗebi ruwa ya sha a tsaye. Kofinsa ne tun yana yaro. Baƙi su ake kai wa kofin gilashi a kan faranti.

Yaya kuma ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Ya so ya gina mata sabon gida, ta ce wa zai shayar mata da mangwaro.

Ana haka sai aka fitar da sabon titi, ya bi ta gefen filinta. Sanata ya sayi filin da ke maƙwabtaka da nata, ya ce zai gina cibiyar koya wa matasa sana'a. Ya damƙa aikin gaba ɗaya a hannun Mai Sanda, ya koma majalisa.

Mai Sanda ya zo a mota, ya sauke gilashi, ya duba. Ya ga ɓangaren da ya fi fuskantar titi ba na Sanata ba ne, na Yaya ne, daidai wajen rijiya da mangwaro. A take ya hango jerin shaguna a wurin, ya kuma hango kansa a matsayin mai su.

Ya jira har Yaya ta yi tafiya jinyar 'yarta a wani gari. Sai ya tura leburori, ya kwatanta musu ta waya. Suka tumɓuke turaku biyu, suka matsar da su can cikin filinta, suka share ramukan tas. Aka zana sabuwar taswira, aka cusa ta cikin tarin takardu, Sanata ya sa hannu yana amsa waya.

Da Mai Sanda ya je wurin da kansa, da ya tuna abin da ke ƙasan turakun nan. Amma zuwa yana nufin ƙura a takalmi, leburorin kuma ba su san akwai abin da za a ƙara tonawa ba.

Yaya ta dawo ta tarar da waya mai ƙaya ta ratsa filinta. Rijiyarta na can ɗaya gefen, haka ma bishiyoyin mijinta. Ba ta ko shiga ɗaki ba, ta ajiye jaka ta nufi gidan ƙaninta.

Mai Sanda kuwa ya riga ta. Tun da safe ya zauna kusa da Sanata ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa. 'Yan adawa sun fara zagaya gidan Yaya. So suke su sa ta ce an ci mata iyaka, don a ce mai dokar turke shi ne ɓarawon turke. Ka san tsufa, abu kaɗan ke juya mutum."

Saboda haka da ta shigo falon, cike da 'yan siyasa da masu neman alfarma, zuciyar Sanata ta riga ta cika.

Ta ce, "Auta, an shigo mini fili."

Ya ce, "Yaya, turakun nan da hannuna na kafa su. Suna nan ko ba sa nan?"

"Suna nan, amma ba inda ka kafa su ba."

Mai Sanda ya matso da waya, ya nuna hoton turke. "Ga shi, ranka ya daɗe, ga lambarka a jiki. Ko kwarzane babu."

Sanata ya duba hoton, ya duba mutanen da suka zuba masa ido. Ya ji kunya, kunyar kuma ta koma masa fushi.

"Yaya, shekaru sun ja, ido yana ruɗin mutum. Ni da na kawo dokar nan, a filina za a matsar da turke? Kin san abin da maƙiyana za su yi da wannan maganar?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ya katse ta.

"Gaya mini gaskiya. Wa ya turo ki?"

Wallahi ko ni da nake ba ku labari, duk lokacin da na zo nan sai na ji zafin maganar nan a ƙirjina. Matar da ta goya ka, ta sayar da amfanin gonarta ta yi maka karatu, ita kake tambaya wa ya turo ta, a gaban baƙi.

 Yaya ta gyara mayafinta ta ce, "Babu wanda ya turo ni, ranka ya daɗe."

Tunda aka haife shi bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Ya ji wani abu ya soke shi, amma falo a cike yake, sai ya dake. Ya ce direba ya kai ta gida, ta ce ƙafarta lafiya lau.

Ba a jima ba katafila ta zo. Yaya tana tsaye a bayan waya aka kayar da bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, aka tura ƙasa aka cike rijiyar. Maƙwabta suka ce ta kai ƙara, ai dokar ma tasa ce, za ta kama shi.

Ta ce, "Ba zan tsaya gaban alƙali da yaron da na goya ba."

Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Ta koma sayen ruwa a wajen masu kura, ta rame, ta rage fita. Shi kuma ya daina zuwa gidan, yana gaya wa kansa cewa idan ta huce za ta neme shi.

Ranar aza harsashin ginin aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, 'yan jarida suka cika wuri. Magina sun riga sun haƙa ramin tushe. Aikin Sanata kawai ya zuba shebur ɗaya na siminti a ɗauki hoto.

Amma da mai gabatarwa ya dinga zuga shi, yana cewa ga mutumin da ya san ƙasa ƙasa ta san shi, sai abin ya hau masa kai. Ya ajiye sabon shebur ɗin da aka ɗaura wa ƙyalle, ya ce, "Ku ba ni diga. Ni ba sanatan ofis ba ne."

Aka yi ta tafi. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya sauka cikin ramin, ya ɗaga diga ya sari gefensa.

Sai wani baƙin abu ya zubo a kan takalminsa.

Ya sunkuya ya ɗiba. Gawayi ne, a tsakiyar jar ƙasa, haɗe da gutsuren koriyar kwalba.

Mutane suna ta tafi, sun ɗauka ƙasa yake dubawa irin ta masana. Shi kuwa ya gane abin da ke hannunsa. Ya ɗago kai ya auna da ido, yadda ya saba a da. Ga kututturen mangwaro a dama, ga inda rijiya take, ga rufin gidan Yaya. Nan ne ainihin kusurwar filinta. Nan ya tsaya yana sosa ƙeya ranar da ta kawo masa kwano. Turken da ya kamata ya kasance a kan gawayin nan yana can nesa, kusa da bangon ɗakinta.

Ya juya ya nemi Mai Sanda. Idonsu ya haɗu. Ba sai ya tambaya ba, fuskar ta riga ta ba shi amsa.

Mai Sanda ya durƙusa a bakin ramin kamar zai taimaka masa ya fito, ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, tura ƙasa ka rufe kawai. Duk wurin nan babu wanda ya san ma'anarsa sai ni da kai."

"Kai ne?"

"Shaguna ne kawai fa. Tsohuwa me za ta yi da bakin titi?"

"Yayata ce. Kai ma ka ci abincin hannunta."

Mai Sanda ya haɗe rai. "Tare muka sha rana, ni da kai. Yau kai ne Sanata, ni kuma har jikokina Mai Sanda suke ji ana kirana. Ban isa in samu ko shago ba? Rufe mu tafi, ana kallonmu. In ka buɗe baki, da ni da kai za mu nutse, don sa hannunka ne a taswirar."

Gaskiya ya faɗa. Taku ɗaya da ƙafa ya isa ya rufe gawayin nan, a zuba siminti, magana ta mutu har abada. Sanata ya tsaya a cikin ramin, yana kallon mutumin da ya taɓa goyo shi daga daji, wanda ya ba amanar gidansa da wayarsa da sunansa. Ya tuna cewa saboda maganar mutumin nan ya ƙaryata yayarsa.

Ya fito daga ramin ba tare da ya kama hannun da aka miƙa masa ba. Ya karɓi makirufo, gawayi na ɓata masa riga, ya ce, "Jama'a, a dakata da ginin nan. Inda muke tsaye ba filina ba ne, na yayata ne. An matsar da turke, ni kuma na sa hannu ban zo na duba ba. Ta zo ta gaya mini, na ƙaryata ta."

Taro ya watse a rikice. Daga baya dokar da ya kawo ita ta kai Mai Sanda gidan yari. 'Yan adawa kuma suka samu abin da suke so, suka yi ta yawo da hotonsa da baƙin hannu, zaɓe na gaba ya faɗi. Amma duk wannan bai kai masa abin da ya tarar a gidan Yaya a ranar ba.

Daga wurin taron da ƙafa ya tafi, shi kaɗai. Ya yi sallama, ta amsa. Ta nuna masa kujera a falo, ta shiga ciki, ta fito da ruwa a kofin gilashi a kan faranti.

Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata. "Yaya, na gani. Gawayin yana nan inda na binne shi."

Ta ce, "Na san yana nan. Ai daga murhuna na kwaso maka."

Ya ɗago da sauri. "Kin tuna? To me ya hana ki ce a tona? Da kin faɗa, da ba a sare ko bishiya ɗaya ba!"

"Da niyyar faɗa na je. Har na buɗe baki, sai ka ce wa ya turo ni."



Ta ci gaba, "A nan na ga ko an tona, gawayi za ka gaskata, ba ni ba. Ni kuwa ban goya ka don wata rana sai na kawo shaida kafin ka yarda da maganata ba. Da ka ce mini, Yaya, taso mu je in gani, wallahi da ya ishe ni."

Babban mutum ya zame daga kujera ya durƙusa a gabanta yana kuka, yana neman gafara.

Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Tashi kada ka ƙara ɓata rigarka, ranka ya daɗe."

Da hannunsa ya mayar da turakun inda suke. Ya sa aka haƙa sabuwar rijiya, ya sayo dashen mangwaro ya jera a gurbin waɗanda aka sare. Tunda ya bar kujera, kusan kullum da safe yana can da bokiti yana ba su ruwa. Har yanzu ba su kai tsayinsa ba, Yaya kuma ta san da wuya ta zauna a inuwarsu.

Ba ta gaba da shi. Tana amsa gaisuwarsa, tana tambayar iyalinsa, idan ta dafa abinci tana zuba masa. In ya gama ban ruwa ya shigo da gumi, sai ta kawo masa ruwa mai sanyi a kofin gilashi a kan faranti.

Daga inda yake zama yana hango kofin silbar nan rataye a jikin randa. Babu wanda ya hana shi ɗauka, amma bai taɓa miƙa hannu ba. Jira yake ranar da za ta ce, "Auta, tashi ka ɗebo da kanka." Har yau ba ta ce ba.

Darasi: Idan wanda ya raine ka ya kawo maka kuka, tashi ka je ka gani da idonka kafin ka saurari na kusa da kujerarka. Fili ana mayar da shi, rijiya ana sake haƙa ta, amma zuciyar da ka ƙaryata a gaban mutane ko ta yafe ba lallai ta koma yadda take ba. Ku tura wa duk wanda Allah ya ɗaukaka, ko zai tuna da wadda ta goya shi tun tana iya kiransa da sunan gida.